Kaza Ta Kwana Kan Dami: Tsofaffin Kwamfutoci Da Talabijin A Bompai, Sharaɗa Da Chalawa



'Yan'uwana matasa, a Kanon yau sikeli ne ke yanke farashin tsohuwar talabijin da tsohuwar kwamfuta. Ɗan gwangwan ba ya tambayar shekarar da aka ƙera ta, ko sunan kamfanin da ya ƙera ta, balle wanda ya yi aiki da ita. Yakan ɗaga ya ji nauyi, ya ƙiyasta jan ƙarfen da ke ciki, ya biya, sannan guduma ta yi aikinta. A daidai wannan lokaci kuma, a Amurka da Ingila ana buga gwanjon irin waɗannan na'urori a kan kuɗin da zai sayi gidaje. Tsakanin waɗannan al'amura biyu mutanenmu sun kasu gida biyu: masu zubar da komai don suna ganin bola ne, da masu mafarkin cewa tsohon akwatin da ke ƙarƙashin gadon kaka zai mayar da su attajirai. A ganina duka biyun sun yi kuskure. Mafi yawan tsofaffin na'urorinmu ba za su kawo dala ba, amma suna ɗauke da wata daraja da babu wanda zai kiyaye mana ita in mu ba mu kiyaye ba, wato shaidar zamanin da Kano take garin masana'antu.

Me Ke Sa Tsoho Ya Yi Tsada?

Bari mu fara da can inda ake cinikin, don mu gane ƙa'idarsa. A shekarar 1976 wani matashi mai suna Steve Wozniak ya harhaɗa kwamfutar da ake kira Apple-1, shi da abokinsa Steve Jobs suka riƙa sayar da ita a kan dala 666.66. Guda kusan 200 kacal aka yi. A watan Oktoba na 2014 gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da ɗaya daga cikinsu a birnin New York a kan dala 905,000, gidan kayan tarihi na Henry Ford ne ya saya. Haka nan a ɓangaren talabijin: John Logie Baird ya nuna wa masana hoto mai motsi a Landan a watan Janairun 1926, BBC kuma ta fara watsa shirye-shiryenta na yau da kullum daga Alexandra Palace a watan Nuwamban 1936. Wani akwatin talabijin ƙirar Marconi na wannan shekara ta 1936, wanda har lokacin yana aiki, an yi gwanjonsa a Landan a 2011 a kan fam 16,800.

In mai karatu ya lura, tsufa kaɗai bai isa ya kawo wannan tsada ba. Abubuwa uku masu tara kayan tarihi ke dubawa. Na farko ƙaranci: nawa aka ƙera, nawa suka rage? Na biyu lafiya: tana aiki, kayan cikinta na asali ne ko an yi mata aron hannu? Na uku asali: wa ya mallake ta, ina rasit, ina littafin da ya zo da ita, ina kwalinta? Kwamfutar Commodore 64 da ta fito a 1982 tsohuwa ce ƙwarai, amma da yake miliyoyi aka sayar, kuɗinta bai kai ko kusa da na Apple-1 ba. Wani lokacin kuma buƙata ce ke tayar da farashi. Kamfanin Sony ya fito da talabijin ƙirar Trinitron a 1968, ya daina ƙera ta a 2008, yanzu kuma masu sha'awar tsofaffin wasannin bidiyo suna nemanta ido rufe, domin a kan irin wannan gilashi aka tsara wasannin, hotonsu ba ya fita yadda ya kamata a kan ta bango.

Rashin sani kuma ba a nan kaɗai yake ba. A 2015 jaridu sun ruwaito labarin wata mata a jihar Kalifoniya da ta kwashe tarkacen mijinta bayan rasuwarsa, ta kai wa wani kamfanin sarrafa bola, ta tafi ba ta bar ko suna ba. Ashe a ciki akwai Apple-1. Kamfanin ya sayar da ita dala 200,000, ya shiga cigiyar matar don ya ba ta rabin kuɗin.

Kwaɗayi Mabuɗin Wahala

Irin waɗannan labarai su ne ke tayar da hankalin matashi in ya ci karo da su a intanet, don haka dole in faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi. Talabijin ta fara aiki a Nijeriya ne a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, ta iso Arewa ta tashar Kaduna a 1962. Wato lokacin da akwatin farko ya shigo gidajenmu, masana'antun duniya sun riga sun fara ƙera shi da miliyoyi. National da Sanyo da Philips da Sharp da Grundig da iyayenmu suka saya kaya ne na gama-gari, akwai irinsu jibge a kowace ƙasa. Kwamfutocin da suka shigo ofisoshinmu su ma yawancinsu kwaikwayon ƙirar IBM ce ta 1981, wadda kamfanoni barkatai suka riƙa bugawa. Ƙara da cewa akwatin gilashi yana da nauyi kuma yana fashewa, kuɗin aika shi Turai kan fi kuɗin da za a saye shi. Mai yiwuwa ne a tsinci abu mai tsada nan da can, amma wanda ya gina rayuwarsa a kan tsintuwa ya shirya kwana da yunwa.

A nan ne kuma 'yan damfara ke samun ƙofa. A 2009 jita-jita ta bazu a Saudiyya cewa tsofaffin kekunan ɗinki ƙirar Singer suna ɗauke da wani sinadari wai shi jar zaiba, mai tsadar gaske. Mutane suka yi ta sayen keke a kan dubban riyal, har aka riƙa fasa shagunan teloli, daga baya ta bayyana cewa babu wani abu mai kama da haka. Wannan tatsuniya ba ta mutu ba, tana sauya riga ne kawai: yau a ce tsohuwar rediyo, gobe a ce dutsen guga na gawayi, jibi a ce talabijin mai ƙofar katako. Salon kuwa ɗaya ne. Wani zai zo ya ce akwai baƙon da zai saya da miliyoyi, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji, ko ka sayi kayan daga hannun wani wanda abokin cin mushensa ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi kafin ya sayi kayanka, to kai ne hajar.

Darajar Da Ke Hannunmu

To in ba dala, mene ne abin kiyayewa? Mai karatu, ka bi ni mu leƙa Bompai da Sharaɗa da Chalawa.

Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, tun zamanin Turawa ta fara, lokacin da gyaɗa da fata da auduga ke riƙe da garin. Daga baya aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi har uku, aka buɗe Chalawa a bakin kogi, inda kamfanonin jimar fata suka yi sansani. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 waɗannan wurare suna aiki dare da rana. Ana matse mai, ana saƙa, ana yin robobi da alewa da kwanuka da takalma, ana haɗa keken Raleigh a Bompai. Jiniya na kaɗawa, ma'aikata su fito tamkar an tashi kasuwa, a kan kekuna da babura. Daga 1986, da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, kayan gyara da ɗanyen kaya na waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi zama, kayan fasa-ƙwauri suka cika kasuwa, sai ƙofofi suka fara rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Yau akwai masana'antun da ke aiki, Allah Ya ƙara musu albarka, amma da yawa sun koma sito, wasu kuma ciyawa ce ke gadinsu.

A ofisoshin irin waɗannan kamfanoni, tare da bankuna da jami'a, kwamfuta ta fara zama abin aikin yau da kullum a Kano. Akanta ya ajiye babban littafinsa ya koma lissafin albashi da Lotus 1-2-3. Sakatariya ta ture keken rubutu ta koyi WordStar da WordPerfect. Mai kula da sito ya zuba kayansa cikin dBASE. Baƙin allo ne da rubutu kore ko ruwan ɗorawa, babu hoto, babu linzami, sai umarnin da mutum ya haddace. Ana adana aiki a faifan fulofi mai faɗin inci 5 da kwata, daga baya aka koma ƙarami mai inci 3 da rabi, wanda duk abin da yake ɗauka bai kai hoto ɗaya na wayar da ke hannunka ba. Amma a cikin wannan ɗan wuri akwai sunayen ma'aikata da garuruwansu, da albashin masaƙi a shekara kaza, da yawan fatar da aka jeme, da ƙasashen da aka aika wa. Ranar da ɗalibin tarihi ko na tattalin arziki zai tambayi yadda Kano ta tashi da yadda ta durƙusa, amsar tana cikin waɗannan faifai da takardun da ke tare da su. Baturen da ke tara kwamfutoci ba shi da buƙatarsu. Mu ne masu buƙata.

Talabijin ita ma 'yar wannan zamani ce. Bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya da bashin watanni a farkon 1975, ma'aikata da yawa suka sayi rediyo da babur da akwatin talabijin. Baƙi da fari ce, wata da ƙofar katako da ake ja a rufe har a sa makulli, a shimfiɗa mata ƙyalle mai ado a kai. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma, kuma gida ɗaya kan ɗauki yaran layi guda, wasu a tabarma wasu ta taga. A kan wannan gilashi aka san Samanja da Ƙasimu Yero. A farkon shekarun 1980 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa CTV, wadda yanzu ake kira ARTV, wasannin kwaikwayon Kano suka sami gida. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan sana'ar fim ɗin Hausa ta kama hanya. Haka kuma karatuttukan malamai da tafsirin azumi na shekaru masu yawa a kaset aka ɗauke su, na murya da na hoto.

Ga inda matsalar take: kaset ba ya magana sai da na'urarsa. Sony ya daina yin faifan fulofi a 2011. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera bidiyon kaset, ya tsaya a 2016. Duk bidiyon da aka fasa yau ba za a ƙera madadinsa ba, kuma duk kaset ɗin da ya rasa na'ura ya zama kurma. Har rubutun Hausa abin ya shafa. A shekarun 1990, kafin haruffa masu ƙugiya su samu shiga kowace waya, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla, marubuta da maɗaba'u suka yi ta aiki da su. Rubutun da aka yi da su, in ka buɗe a kwamfutar da ba ta da zubin, sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun zama wasu alamomi. Wanda ya adana tsohuwar kwamfutar maɗaba'a da abin da ke cikinta ya adana mabuɗin littattafai.

Abin Da Guduma Ke Saki

Ba na zargin ɗan gwangwan. Nema yake na halal, yana kuma rage wa gari datti, ya fi mai zaman kashe wando sau dubu. Sai dai akwai abin da ya kamata shi da mu mu sani. Gilashin tsohuwar talabijin mai doro an cakuɗa shi da dalma don ta tare hasken da ke cutarwa, kuma a babban akwati dalmar kan wuce kilo guda. Muddin gilashin yana nan lafiya, tana ɗaure. In aka fasa shi don a ciro naɗin jan ƙarfen da ke wuyansa, aka watsar da ɓaraguzan a juji, sai rana da ruwan sama su yi ta aiki a kansu, ƙura ta tashi, sauran ya bi ƙasa. Wayoyin kuma ƙona su ake yi don robar ta narke, yaro yana tsaye a kan hayaƙin yana juyawa da sanda. Mu a Arewa mun san dalma: a 2010 ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Zamfara, ta hanyar dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje, wasu da suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Hanyar ta bambanta, gubar ɗaya ce. Chalawa da Sharaɗa sun riga sun sha fama da ruwan masana'antu, ba su da buƙatar ƙarin wata guba. Saboda haka akwatin da aka adana lafiya riba biyu ne: an tsare tarihi, an kuma tsare huhun wani yaro.

Masu Cewa Wannan Aikin Ƙoshi Ne

Na san za a ce: mutumin da ke neman na cefane, ina shi ina ajiye tsohon akwati? Gaskiya ne, kuma ba na cewa kowa ya mayar da ɗakinsa juji. Tara tarkace ba tare da manufa ba wahala ce, wani lokacin ma rowa ce ta sa riga. Abin da nake kira gare shi zaɓe ne da ilimi. Cikin akwati ɗari, wataƙila biyar ne suka cancanci ajiya: wanda ya fi tsufa, wanda ke da takardunsa, wanda aka san ofishin da ya yi aiki, wanda ke iya karanta faifai ko kaset. Sauran a rabu da su ta hanyar da ba ta cutarwa. Kakanninmu da suka adana littattafan ajami cikin gafaka ba attajirai ba ne. Sun dai san cewa abin da ke hannunsu ba nasu ba ne su kaɗai, shi ya sa yau ake zuwa daga jami'o'in duniya ana neman gani.

Akwai kuma haƙƙoƙi da mai sha'awar wannan harka zai kiyaye. Kamfanin da ya rufe yana da masu shi, ko magada, ko bankin da ke binsa bashi. Kayan da ke ciki ba tsintuwa ba ne, kuma sayensu daga hannun wanda ba shi da ikon sayarwa sayen kayan sata ne, ko da an kira shi ceton tarihi. In kayan gado ne, a sanar da magada duka, a yi masa kuɗi a fili kafin wani ya ɗauka. In ka san abu yana da daraja, mai shi kuma tsohuwa ce ko maraya da bai sani ba, kada ka saye shi a farashin bola kana murna ka yi wayo, ka tuna kamfanin can da ya shiga cigiyar matar da ba ta ma san ta yi asara ba. Sannan faifan da ka samu yana iya ƙunsar albashin mutane da basussukansu da wasiƙunsu. Amana ce ta faɗo hannunka, ba abin yaɗawa a Facebook ba.

Abin Yi

Na ɗaya, ka fara da gidanku. Ka tambayi mahaifi ko kaka: yaushe aka sayi wannan, a wane kanti, nawa, da wane albashi? Ka rubuta a takarda ka liƙa a jiki, ka ɗauki hoton lambar da ke bayan akwatin. Na'urar da ba ta da labari ƙarfe ce kawai.

Na biyu, kada ka yi gaggawar jona ta da wuta. Kayan cikinta sun bushe, wutar farko na iya ƙona abin da ya shekara talatin lafiya. Kada kuma ka buɗe bayan talabijin da kanka, domin mai kala tana aiki da ƙarfin wuta da ya kai bolt dubu ashirin da wani abu, kuma takan riƙe shi bayan an kashe. Ka nemi tsohon mai gyaran rediyo. A tsohuwar kwamfuta kuma a cire ƙaramin batirin da ke kan allonta, don in ya zube yana cinye layukan.

Na uku, a ɗaga kaya daga ƙasa saboda gara da laima, a rufe saboda ƙurar hunturu, a nisanta kaset da faifai daga rana da maganaɗisu. Abin da ke cikinsu a juye shi zuwa kwamfutar zamani tun yana karantuwa, a ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Na huɗu, ku zauna da tsofaffin masu gyara da tsofaffin akantoci da sakatarori na Bompai da Sharaɗa, ku ɗauki muryarsu da wayoyinku. Su ne littafin da ya zo da na'urar, kuma kullum raguwa suke.

Na biyar, kira ne ga masu masana'antu da ƙungiyarsu, da Jami'ar Bayero, da hukumar tarihi da al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. Ingila ta ware wa tsofaffin kwamfutoci gida a Bletchley Park, Amurka tana da nata a Mountain View. Mu ba sai mun gina sabo ba. Ɗaki ɗaya a cikin masana'antar da ta daina aiki ya isa a fara: teburin akanta da kwamfutarsa, keken rubutu, agogon buga katin shiga aiki, talabijin mai ƙofa, keken Raleigh, da hotunan ma'aikata. Gidan Makama yana nuna wa yaro Kanon sarakuna da ganuwa. Ya kamata a samu inda zai ga Kanon da kakansa ya yi aikin dare a masaƙa, ya san cewa garin nan ya taɓa ƙera abin da yake sawa da abin da yake hawa, don ya ji a ransa cewa ana iya sakewa.

Kammalawa

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a zubar da ita ba. Shekaru kaɗan suka rage kafin sikeli ya gama da abin da ya saura, kuma babu baƙon da zai zo ya hana, domin ba tarihinsa ba ne. Matashin da ya iya intanet, ya iya bincika lambar na'ura cikin minti biyu, ya fi kowa cancantar ya tsaya tsakanin akwatin kakansa da guduma, ya duba kafin a fasa. In mai tsada ce, a sayar da gaskiya a raba wa masu haƙƙi. In mai labari ce, a adana. In ba ko ɗaya, a rabu da ita ba tare da an cutar da kowa ba.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka yi wa garin nan hidima, Ya farfaɗo da masana'antunmu, Ya ba matasanmu sana'a mai albarka, Ya tsare mu daga kwaɗayi da almubazzaranci. Amin.